Karatun halayyar yara ta intanet: amsa ga wata malama a Garwa

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya daga Garwa. Tana da bak, wato takardar kammala sakandare, ta yi 'yan shekaru tana koyarwa a ajin matarnel, wato na ƙananan yara kafin firamare, na wata makaranta mai zaman kanta, ga aure ga yara uku, ba ta da halin barin gida ta tafi Marwa ko Yawunde karatu. Ta ga talla a Facebook cewa akwai wata makarantar ƙasar waje da ke ba da difloma a ilimin halayyar yara cikin wata shida, komai ta waya, kuɗin ma ta waya za a tura. Tana son ta san ko karatun na gaske ne, ko takardar za ta yi mata amfani a Kamaru, sannan ko ilimin da Turawa suka rubuta a kan 'ya'yansu zai yi aiki a kan namu.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Wannan fanni shi na karanta, kuma aikina horar da malaman ƙananan yara ne a nan arewacin Kamaru, don haka tambayarki ba baƙuwa ba ce a wurina. Zan fara da batun kuɗi domin shi ne na gaggawa: kada ki tura ko dala tukuna.

Abin da ake kira karatu ta intanet ba iri ɗaya ba ne. Akwai gajerun darussa na 'yan makonni da manyan jami'o'i ke ɗorawa a shafuka irin su Coursera da edX, da kuma FUN-MOOC wanda gwamnatin Faransa ta kafa a 2013. Tunda da Faransanci kika yi karatu, ki nemi darasin da Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan ta shirya a kan tasowar tunanin yaro, yana Coursera, kuma malaman da suka yi shi masu bincike ne na gaske. Idan kina jin Ingilishi, akwai na Farfesa Alan Kazdin na Jami'ar Yale a kan tarbiyyar yau da kullum, yadda ake sauya ɗabi'ar yaro ba tare da duka ko tsawa ba. UNICEF ma tana da shafin koyo mai suna Agora, da darussa a kan kare yara da kula da su. Da yawa daga cikin waɗannan kyauta ne, wasu kuma sai an biya kafin a ba da takardar shaida. Ilimin da ke ciki ingantacce ne, amma takardar shaida ce kawai ta cewa kin bi darasin. Za ta iya ƙara miki daraja a idon mai makarantarku ko wata ƙungiyar agaji da ke ɗaukar ma'aikata, amma ba za ki shiga gasar aikin gwamnati da ita ba.

Digiri na sosai kuwa, wato lisans, shekara uku ne bayan bak, ko a aji aka yi shi ko daga nesa. Jami'ar Paris 8 a Faransa tana da sashen koyarwa daga nesa da ya daɗe yana ba da lisans a ilimin halayyar ɗan Adam. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu tana yin haka da Ingilishi. A Najeriya akwai jami'ar karatu daga nesa ta NOUN mai karatun ilimin ƙananan yara, tana da cibiya a Yola, wadda ba ta da nisa da ku. Ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, AUF, tana fitar da jerin karatuttukan nesa na jami'o'in da ta sani, kuma jerin nata wuri ne mai kyau na fara dubawa. Duk waɗannan suna tantance wanda za su ɗauka, suna da lokacin rajista, kuma suna da jarrabawa mai sa ido. Ki tambaya tun farko inda ake zana jarrabawar, domin wasu sai mutum ya je da ƙafarsa, kuma kuɗin tafiyar kan iya fin kuɗin karatun.

Wadda kika gani a Facebook ban san ta ba, ba zan yanke mata hukunci ba. Amma ki rubuta musu ki ce su gaya miki hukumar da ta amince da su a ƙasarsu, da lambar amincewar, sai ki je shafin ita hukumar da kanki ki duba, kada ki tsaya a kan hoton da za su turo. Ki tambayi sunayen malamansu da inda suka yi karatu. Ki tambaya wa ke gyara aikin ɗalibi, mutum ne ko na'ura. Idan amsar da ta dawo ita ce ki yi sauri rangwame zai ƙare gobe, kuma lambar da za a tura kuɗin ta wani mutum ce ba asusun makaranta ba, to kin samu amsarki. Sannan ko makarantar ta gaskiya ce, takardar waje ba ta aiki a gwamnatin Kamaru sai Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi da ke Yawunde ta daidaita ta da ta gida, abin da muke kira ekibalans. Wannan tambaya kafin biya ake yin ta. Na ga mata sun sayar da ɗan kunne da awarwaro sun biya, aka kawo takarda mai kyawun gani da hatimin zinariya, daga baya ta ƙare a ƙasan akwati. Abin yana ƙona mini rai har yanzu.

Kada ki raina na kusa kuma. Jami'ar Marwa tun 2008 take, da babbar makarantarta ta horar da malamai, Ngaundere tana da tsangayar ilimin koyarwa, Garwa ma ta samu tata jami'ar a 2022. Kuɗin rajista na karatun gama-gari a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara. Idan kuma ba ki da CAPIEMP, takardar da makarantun horar da malamai na ENIEG ke bai wa malaman matarnel da firamare, to a wurin aikin da kike yi yanzu ta fi duk wata shaidar intanet nauyi. Shawarata ki nemi wannan don takarda, ki riƙa bin darussan intanet don ilimi.

Abu ɗaya da nake so ki cire daga ranki tun yanzu: wata shida ba sa mayar da mutum likitan halayya. A Faransa doka ba ta yarda mutum ya kira kansa da wannan suna ba sai ya yi lisans da mastar a fannin, shekara biyar ke nan, da aikin gwaji na sa'o'i 500 a ƙarƙashin ƙwararre. Dalilin a fili yake. Wanda ya ce wa uwa ɗanta yana da taɓin ƙwaƙwalwa alhali ba haka ba ne, ya ɗora wa yaron tambarin da zai bi shi har girma.

Yanzu ga karatun kansa, wanda shi ne ya fi jan hankalina a tambayarki.

Duk darasin da kika buɗe, da Jean Piaget za a fara miki, mutumin Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980. Ya lura da 'ya'yansa uku tun suna jarirai, yana rubuta abin da suke yi, daga nan ya ce tunanin yaro ba ƙaramin tunanin babba ba ne, wani iri ne daban da ke sauyawa mataki-mataki: daga haihuwa zuwa shekara biyu yaro da hannu da baki da ido yake sanin duniya, daga biyu zuwa bakwai harshe da kwaikwayo sun zo amma abin da ido ya gani shi ne gaskiya a wurinsa, daga bakwai zuwa sha ɗaya ya fara auna abu da dalili muddin yana gabansa, bayan nan ne yake iya tunani a kan abin da ba a gani. Kada ki haddace wannan don jarrabawa kawai. Ki samo kofunan shayi biyu iri ɗaya, ki zuba musu ruwa daidai wa daida, ki kira yarinya 'yar shekara huɗu ki tambaye ta ko ruwan ɗaya ne. Za ta ce e. A gabanta, tana kallo, ki juye ɗaya a cikin siririyar kwalba mai tsawo. Ki sake tambaya. Za ta nuna kwalbar ta ce wannan ya fi yawa, kuma da gaske take, ko kin maimaita sau nawa. Ki kira yayanta ɗan shekara takwas, zai dube ki ya ce ai ba ki ƙara ba ba ki rage ba. Ranar da kika ga wannan da idonki, za ki daina jin haushin yaron ajinki da ke kuka don an ba ɗan'uwansa biskit biyu ƙanana shi an ba shi babba guda ɗaya. Ba rashin godiya ba ne, lissafinsa ke nan a shekarunsa.

Bayan shi sai Lev Vygotsky na Rasha, wanda tarin fuka ya kashe a 1934 yana da shekara 37. Shi ya ce yaro ba shi kaɗai yake gina iliminsa ba, a hannun wanda ya fi shi sani yake koyo, kuma wurin koyo na gaske shi ne tsakanin abin da zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan an ɗan tallafa masa. Wannan ba zai ba ki wuya ba, domin kullum kina ganinsa a tsakar gida. Uwa ta ba 'yarta ƙaramar taɓarya, ta riƙe hannunta a bugun farko, gobe ta saki, jibi ta koma gefe tana tankaɗe tana gyara mata da baki kawai.

Tambayarki ta uku ita ce mafi nauyi, kuma kin yi daidai da kika yi ta. A 2010 wasu masana uku, Henrich da Heine da Norenzayan, sun nuna cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. Wato yaron da littafin ke kira “yaro”, sau da yawa ɗan birnin Amurka ko Turai ne mai ɗakinsa shi kaɗai da kwandon kayan wasa. Idan aka auna namu da mudunsa, sai a ce sun gaza a abin da ba a taɓa koya musu ba, a kuma rufe ido a kan abin da suka ƙware. Robert Serpell ya gwada wannan a Zambiya a shekarun 1970. Ya sa yaran Zambiya da na Ingila su kwaikwayi wasu siffofi. Da fensir da takarda na Ingila suka fi, da waya na Zambiya suka fi, da yumɓu kuwa suka zo kusan ɗaya. Duk wanda ya ga yaran unguwarku suna lanƙwasa waya suna ƙera mota mai sitiyari da tayoyin murfin kwalba ya san abin da ake nufi. Haka a birnin Recife na Burazil, a 1985 aka wallafa binciken da ya nuna yara masu talla suna lissafin ciniki da canji da ka kusan ba kuskure, amma in aka rubuta musu lissafin nan a takarda sai su faɗi. 'Yar tallan gyaɗa da ke ba ki canjin ɗari biyar ba ta ko ɗaga kai ba, amma malami ya rubuta mata sifiri a aji, ba ƙwaƙwalwarta ce ta gaza ba. Ba a haɗa mata gadar da ke tsakanin farantin talla da allo ba ne, kuma aikin malami ke nan.

Abin alfahari shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan wannan ɗan ƙasarmu ne, Farfesa Bame Nsamenang, mutumin Nso a yankin Arewa maso Yamma, wanda ya rasu a 2018. A littafinsa na 1992 ya nuna cewa a Afirka ba da shekaru kawai ake auna girman yaro ba, da nauyin da zai iya ɗauka ne a cikin jama'a: ranar da aka fara aikensa maƙwabta, ranar da aka bar masa ƙaninsa, ranar da aka ba shi awaki. Duk darasin da kika ɗauka, ki nemi rubutunsa ki ajiye a gefe. A ƙasar tasu ta Nso ne kuma aka yi wani gwaji da nake son ki sani. Akwai tsohon gwajin haƙuri da Walter Mischel ya yi a Jami'ar Stanford, a ajiye wa yaro alewa a ce in ya jira za a ƙara masa wata. Wasu masu bincike daga Jamus, Bettina Lamm da Heidi Keller da abokan aikinsu, suka maimaita shi da yara 'yan shekara huɗu, na Jamus da na ƙauyukan Nso, waɗanda aka ajiye wa fanke. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran Nso sun jira minti goma cif, na Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. An wallafa wannan a 2017. Kawaicin da iyayenmu ke dasa wa yaro ba ƙauyanci ba ne, abu ne da ake iya aunawa.

Inda za ki fi buƙatar taka-tsantsan shi ne babin shaƙuwar jariri da mai rainonsa, na John Bowlby da Mary Ainsworth. Mutane da yawa ba su san cewa Ainsworth a Yuganda ta fara lura da iyaye mata da jariransu ba, a 1954 da 1955, a ƙauyukan kusa da Kampala. Asalin maganar gaskiya ce a ko'ina: jariri yana buƙatar wanda in ya yi kuka zai zo, kuma daga jikin wannan mutumin yake samun ƙarfin zuciyar rarrafawa ya bincika duniya. Amma gwajin da ta tsara daga baya a Baltimore, na uwa da jariri da baƙo a ɗaki, an gina shi ne a kan gidan da uwa ita kaɗai ke raino. A gidajenmu jariri yana yawo daga bayan uwa zuwa na kaka, zuwa na goggo, zuwa na 'yar raino, har da abokiyar zama. Binciken da aka yi a kan jariran Hausawa a Najeriya a shekarun 1970 ya samu suna shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya, lafiya lau. Ga kuma kunyar ɗan fari. Ɗaliba ta shiga gida da takardar tambayoyi da aka fassaro daga waje, ta ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, sai ta rubuta cewa uwar ba ta damu da shi ba. Da ta zauna har dare ta ga wanda ke tashi in ya motsa, da ta yaga takardar.

Kada wannan ya sa ki ce to namu ya isa. Akwai wuraren da binciken ya fi mu gaskiya, kuma dole mu karɓa. Muna cewa jariri bai san komai ba, don haka ba a yi masa magana sai ya fara gwaranci. Alhali an tabbatar tun 1980 cewa jariri ɗan kwanaki yana bambance muryar uwarsa da ta wata mace, kuma kafin ya cika shekara kunnensa ya riga ya karkata ga sautukan harshen da yake ji a gida. Hira da jariri a lokacin wanka da shayarwa, da amsa masa in ya yi ƙara, da waƙar raino, duk gini ne. Yaron Garwa da ke jin Hausa a ɗaki, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, Larabci a allo, wannan ba ya hana shi magana da wuri, kada kowa ya tsorata iyaye da haka. Yaye na rana ɗaya kuma, a shafa maɗaci a nono a kwashe yaro a kai shi wani gari, ina ganin ya kamata mu sake dubawa, domin a yini ɗaya ya rasa abincinsa da uwarsa gaba ɗaya. Sai duka. Ana kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wani babban nazari na 2016 da ya tattara bincike a kan yara fiye da 160,000 bai samu cewa duka yana gyara ɗabi'a ba, sai ma alaƙarsa da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwa. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ma ta hana azabtar da ɗalibi a makaranta. Malamar da ta ajiye bulala tana buƙatar abin da za ta riƙe a madadinta, kuma nan ne darasi irin na Kazdin ke da amfani: ki faɗi abin da kike so yaro ya yi a fili, ki yaba masa nan take in ya yi, ki ambaci abin da ya yi ɗin da sunansa.

A yankinmu kuma ba a raba halayyar yaro da cikinsa da jininsa. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 43 cikin ɗari, suna cikin haɗarin rashin kaiwa inda ya kamata su kai saboda talauci da tsumburewa. Ƙarancin jini, rashin sinadarin aidin, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna bayyana a aji da kamannin lalaci ko daƙiƙanci. Amma akwai labari mai ƙarfafa zuciya. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, aka ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa uwa wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, aka samu abin da suke samu a sana'a ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba na'ura aka kai musu ba, gwangwani ne da tsumma da mace mai ilimin abin da take yi. Irin aikin da za ki iya ke nan.

Game da yadda za ki yi karatun: ki sauke bidiyo da rubutun darasi lokacin da layi ke da ƙarfi, ki karanta ba tare da intanet ba, domin wuta da layi ba abin dogaro ba ne, musamman a watannin zafi na Maris da Afrilu. Rubutun ya fi bidiyo sauƙin data nesa ba kusa ba. Ki zaɓi lokaci ɗaya da ba ya motsi, bayan asuba ko bayan yara sun kwanta, ki sanar da maigida da mutanen gida don su taya ki tsare shi. Yawancin masu fara darasin intanet ba sa gamawa, kuma kaɗaici ne ke kayar da su, don haka ki jawo malama ɗaya ko biyu ku riƙa haɗuwa kuna mayar wa juna abin da kuka karanta da Hausa ko Fulatanci. Abin da kika kasa bayyana wa kakar yaro da harshenta, ba ki gama fahimtarsa ba tukuna.

Sai littafin lura, wanda a wurina shi ne rabin karatun. Ki sayi kaye guda, wato littafin rubutu. Ki zaɓi yaro ɗaya a aji, ki ba shi minti goma kina kallonsa ba ki sa baki ba, ki rubuta abin da ya faru kawai. Kada ki rubuta “ya yi rashin kunya”. Ki rubuta: an kira shi daga baya bai juyo ba, an taɓa kafaɗarsa ya zabura, ya dubi bakin mai magana, ya dubi abin da na kusa da shi ke yi sannan ya yi irinsa. Da irin wannan rubutu ne wata malama da na horar ta gano cewa yaron da kowa ke kira mai kunnen ƙashi, wanda ya sha bulala a gida da makaranta, ba ya ji ne sosai. Da aka tambayi uwar, sai ta ce ya yi sanƙarau yana ƙarami. Mu da muke cikin yankin da sanƙarau ke yawo lokacin rani, duk yaron da maganarsa ta makara ko ba ya amsa kira, kunnensa za a fara dubawa kafin a ce komai a kan halinsa.

Jadawalin matakan girma da za a ba ki, ki riƙe shi da sassauci. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda ya haɗa da yaran Gana, ya nuna lafiyayyen yaro na iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wajen wata takwas har zuwa kusan wata goma sha takwas. Faɗin ke nan. Abin da ke sa a tashi tsaye shi ne yaron da ya wuce wannan bai taka ba, ko ya kai shekara biyu ba kalma, ko ba ya haɗa ido ba ya nuna abu da yatsa, ko ya iya abu sannan ya rasa shi, ko yana ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi yana zuba ido wuri ɗaya, wanda kan iya zama wani nau'in farfaɗiya. Naki shi ne ki gani, ki rubuta, ki zauna da iyaye cikin mutunci ba a gaban mutane ba, ki ce musu ga abin da na lura, ina ba da shawarar a kai shi asibiti. Sanya wa ciwo suna ba naki ba ne. Iyaye da yawa za su fara zuwa wurin malam, kada ki yi musu gardama a kan addu'a, ki roƙe su su haɗa da likita.

Haka yaran da rikici ya koro. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo a 2013, da waɗanda suka baro ƙauyukan Kolofata da Mora da Fotokol, babu garin arewa da ba ya da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Za ki same su da firgita cikin barci, da fitsarin kwance bayan sun daina, da zabura in babur ya yi ƙara, wasu kuma shiru kamar ba sa wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafin taimakon farko na kwantar da hankali a 2011, akwai shi da Faransanci kyauta, ki karanta shi. Babban abin da zai koya miki shi ne kada ki matsa wa yaro ya ba da labarin abin da ya faru. Ki ba shi tsari da ba ya sauyawa, wurin zama ɗaya, waƙar safe ɗaya, babban da ba ya yi masa tsawa, da damar wasa da zane. In abin ya daɗe ko yana ƙaruwa, ki nemi ma'aikatan jin daɗin jama'a ko ƙungiyoyin da ke da ƙwararru.

Darussan intanet kan nemi ɗalibi ya turo rahoton lura da wani yaro, wani lokaci har da hoto ko bidiyo. Ki nemi izinin iyayen tukuna, ki gaya musu inda rubutun zai je. Ki sauya sunan yaron, kada ki ambaci unguwarsu ko makarantarku, kuma kada ki tura fuskarsa ko a zauren ɗalibai na WhatsApp. Idan malamin darasin ya nace sai da bidiyo, ki ɗauki hannuwan yaron da kofunan kawai.